Diffa: baƙo ya ɗauki hoton jiya, wa zai ɗauki na yau?

A shekarar 1988 gidan talabijin na Granada da ke birnin Mancesta a ƙasar Ingila ya nuna wa masu kallonsa wani fim mai suna The Wodaabe. An ɗauke shi ne a gabashin Nijar, cikin Fulani Woɗaaɓe masu yawon kiwo a yankin tafkin Cadi, ana tsakiyar rani, bayan fari ya riga ya yi musu mummunar ɓarna. Wanda ya shirya fim ɗin wani Bature ne, Leslie Woodhead, tare da wata masaniyar al'adu 'yar ƙasar Danmak, Mette Bovin, wadda ta san gidan da aka ɗauka tun daga 1968. A gaban idonta garken maigidan ya sauko daga shanu fiye da 300 zuwa abin da bai kai 6 ba. Turawa na zaune a ɗakunansu suka ga rijiya da guga, suka ga ramammun shanu, suka kuma ji mai shanun yana ba da labarin asararsa da bakinsa.

An yi shekara fiye da 35 da wannan aiki. A tsakanin nan jihar Diffa ta faɗa cikin wani bala'in da ya shafe labarin fari, har aka wayi gari da sansanin 'yan gudun hijira a Sayam Forage, kimanin kilomita 45 daga garin Diffa. Tambayar da ta kamata mahukunta da 'yan kasuwa da ma'aikata su yi wa kansu ita ce: idan jikokin mutanen Sayam suka tashi suna son su ga abin da ya sami kakanninsu, su ji shi daga bakin waɗanda abin ya sama, ina za su je? Farin shekarun 1980 ya sami baƙon da ya tsaya ya ɗauka. Bala'in da ya fara a 2014 yana neman ya wuce ba tare da 'yan gida sun adana shi ba. Tarihin aikin wannan Bature ya nuna yadda ake yi, ya kuma nuna abin da ƙasar nan ta rasa.

Wane ne Woodhead?

An haifi Leslie Woodhead a 1937 a birnin Gilasgo, ya tashi a garin Halifax na arewacin Ingila. Lokacin da ya yi aikin soja na dole an koya masa Rashanci, aka tura shi Balin yana sauraren hirar matuƙan jiragen Tarayyar Sobiyet yana rubutawa. Wato tun kafin ya riƙe kyamara ya koyi zama shiru yana saurare. Bayan karatu a jami'ar Kambirij ya shiga Granada a 1961. A watan Agustan 1962 aka aike shi wani ɗakin kiɗa na ƙarƙashin ƙasa a Libaful ya ɗauki wasu samari huɗu da duniya ba ta san su ba tukuna. Samarin su ne The Beatles, kuma 'yan mintocin da ya ɗauka a ranar sun zama dukiyar da ake ta nunawa har yau. Wanda ya riƙe kyamara ba ya sanin darajar abin da ya ɗauka sai an daɗe.

Daga nan ya yi shekaru a shirin binciken labarai na World in Action. Da ya ga gwamnatocin gabashin Turai sun rufe ƙofa ga 'yan jarida, sai ya ɓullo ta wata hanya: a tattara takardu da shaidar waɗanda suka ga abin da idonsu, sannan a sa 'yan wasan kwaikwayo su maimaita shi ba ƙari ba ragi. Haka ya yi a 1970 a kan Janar Grigorenko, wanda hukumomin Sobiyet suka tsare a asibitin mahaukata saboda ya ƙi yin shiru. Haka ya yi a 1980 a kan mamaye Cekosulobakiya da aka yi a 1968, da kuma 1981 a kan yajin aikin ma'aikatan tashar ƙera jiragen ruwa ta Gdansk a ƙasar Polan. A 1999 ya fitar da A Cry from the Grave, fim a kan kisan gillar Srebrenica ta ƙasar Bosniya, inda aka hallaka Musulmi maza da yara kusan 8,000 a watan Yulin 1995. Ya haɗa hotunan da aka ɗauka a kwanakin kisan da maganar matan da aka kashe wa mazaje da 'ya'ya, ta yadda mai musu ba shi da wurin laɓewa.

A Afirka kuwa, babban aikinsa yana cikin jerin shirye-shiryen Disappearing World, wato duniya mai shuɗewa, wanda Granada ta fara a 1970. Tare da masani David Turton ya je wurin ƙabilar Mursi ta kudancin Habasha ya yi fim a 1974, ya koma yankin a 1982 da 1985 da 1991, har 2001. Shekara 27 ke nan yana komawa wurin mutane ɗaya, yana ganin yaro ya zama magidanci, yana ganin yunwa da bindiga suna sauya musu zama. Fim ɗin Woɗaaɓe na 1988 a cikin wannan jerin yake.

Abin da ya sa aikin ya yiwu

Abu uku ne, kuma babu ɗaya da ya gagari Nijar. Na farko, Granada tashar lardi ce a arewacin Ingila, nesa da Landan, kuma kuɗinta daga talla yake fitowa. Ma'ana, kuɗin masu sayar da sabulu da shayi da motoci ne ya biya jirgi da albashi da fim ɗin da aka ɗauki Woɗaaɓe da shi. Tashar ta ɗauki yaro sabon fitowa daga makaranta ta riƙe shi shekara da shekaru, ta bar shi ya yi kuskure ya gyara har ya gwanance. Na biyu, ba a tura mai kyamara shi kaɗai ba. Ana haɗa shi da wanda ya daɗe cikin mutanen, ya ji harshensu, suka yarda da shi. Na uku, an bar mutane sun yi magana da harshensu, aka rubuta fassarar a ƙasan hoto, maimakon a sa wani ya yi ta bayani a kansu kamar ba su da baki.

Wannan ba ya nufin aikin ba shi da aibu. Sunan shirin kansa ya yanke wa mutane hukuncin ƙarewa alhali suna raye, ga shi kuwa Woɗaaɓe na nan suna kiwo, shirin ne ya shuɗe. Turai ta daɗe tana sha'awar kwalliyar samarin Woɗaaɓe a wurin rawar Gerewol fiye da yadda ta damu da kuɗin dusa ko rikicin rijiya, kuma shekara ɗaya bayan Woodhead, a 1989, Bajamushe Werner Herzog ya zo ya yi nasa fim ɗin a kansu. Tun 1965 Usman Sembene na Senegal ya faɗa wa Bafaranshe Jean Rouch ido da ido cewa masu binciken Turai suna kallon 'yan Afirka kamar ƙwari. Babban aibun kuwa shi ne na mallaka. Granada ta narke cikin kamfanin ITV a 2004, kuma wata cibiyar masana al'adu da ke Landan ce ke rarraba waɗannan fina-finai ga jami'o'i. Ɗalibi a Ingila yana iya kallon makiyayin tafkin Cadi cikin sauƙi. Jikan makiyayin fa, wane ofis zai shiga a Diffa ya ce a nuna masa? Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

To amma zagin baƙo ba ya maye gurbin aiki. Ya zo daga nesa ya ɗauka, ya adana. Abin tambaya shi ne me 'yan gida suka yi da nasu zamanin.

Shekarun da ke neman ɓacewa

A watan Nuwamban 2014 'yan Boko Haram suka kama Damasak a jihar Borno, jama'a suka tsallako kogin Komadugu, wasu da iyo, wasu a kwale-kwale. A watan Disamba na wannan shekarar aka buɗe sansanin Sayam Forage tare da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira. A ranar 6 ga Fabrairun 2015 aka kai hari Boso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka kuma tsuke cinikin tattasai da na bandar kifi na tsawon shekaru, da hujjar cewa abokan gaba na cin riba a ciki. Duk wanda ya san Diffa ya san abin da wannan ke nufi, domin tattasan bakin Komadugu da kifin tafki su ne ƙashin bayan kasuwar jihar. Bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilun 2015 aka umarci mazauna tsibiran su fice cikin 'yan kwanaki, dubban mutane suka taka da ƙafa zuwa Gigime cikin zafin bazara. A watan Yunin 2016 Boso ta sake shan wuta, bukkokin 'yan gudun hijira suka jeru a gefen babbar hanya mai lamba 1. A watan Yulin 2017 aka sace mata da yara 39 a ƙauyen Ngalewa. A Disamban 2020 aka ƙona Tumur. Ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 ta zo ta ƙarasa gonakin da yaƙi ya rage.

Yaron da aka haifa a Sayam a 2015 ya cika shekara 10 a 2025. Bai san garin ubansa ba sai a labari. Tsofaffin da suka san iyakar kowace gona, suka san sunan kowane tsibiri da hanyar da shanun Kuri masu manyan ƙaho ke bi su yi iyo zuwa makiyaya, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sayam ɗin kanta kafin sansani an san ta ne da gidan kiwon gwamnati na shanun Kuri. Yau wa ke tuna haka?

Ba a rasa hotunan waɗannan shekaru ba, sai dai a duba a hannun wa suke. Akwai na sanarwar sojoji, mai nuna makaman da aka ƙwace. Akwai na 'yan ta'adda, mai nuna alfahari da ɓarna. Akwai na ƙungiyoyin agaji, mai nuna uwa da jariri a layin karɓar abinci domin a sami gudummawa daga Turai. Sai kuma guntaye da ke yawo a wayoyi, yau a gani gobe su ɓace. Kowanne da buƙatar mai shi. Babu wanda aikinsa shi ne ya zauna awa biyu da manomin tattasai ya tambaye shi buhu nawa yake samu kafin 2015, bashin wa ke kansa, wa ya riƙe masa gona, sannan ya dawo baɗi da baɗin baɗaɗa ya sake tambaya. Shi ne abin da Woodhead ya yi wa Mursi, kuma shi ne abin da Diffa ba ta samu ba.

Kada wani ya ɗauka maganar nishaɗi ake yi. A watan Yunin 2021 gwamnati ta fara mai da mutane garuruwansu, aka fara da Baruwa. Duk inda aka koma bayan shekaru, rikicin gona da na fili da na bashi yana jira, kuma alƙali da mai gari za su buƙaci shaida. Tun ƙarshen 2016 aka buɗe ƙofar tuba ga waɗanda suka ajiye makami, aka tanadi cibiya a Gudumariya. Sulhun da aka yi ba tare da an saurari wanda aka zalunta ba, rufe miki ne da ƙyalle. Ɗan kasuwar da shagonsa ya ƙone, da malamin lakwal da ya yi aiki a aji na zana cikin tsoro, da ma'aikacin asibiti da ya karɓi raunuka cikin dare, idan wata rana aka zo maganar diyya ko lada, da me za su kafa hujja? Gani ya kori ji.

Gida bai rasa gwanaye ba

Abin takaici shi ne Nijar na cikin ƙasashen da suka fara sana'ar silima a Afirka ta Yamma. Mustafa Alasan ya yi Aouré tun 1962. Umaru Ganda, wanda ya fara a matsayin ɗan wasa a fim ɗin Rouch a 1958, shi ne mutum na farko da ya ɗauki babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame. Jingarai Maiga ya biyo baya, haka ma Rahmatu Keita. A 2008 Sani Magori ya yi fim a kan albasar Galmi, ya nuna yadda faɗuwar farashi ke ɗaga ranar aure. A 2021 A'isha Macky ta shiga unguwar Kara-Kara ta Damagaram ta fito da fim ɗin Zinder, inda samarin da kowa ke gudu suka yi magana da bakinsu. Albasa ta sami mai ba da labarinta. Tattasan Diffa na jiran nasa. Sai dai akasarin kuɗin irin waɗannan ayyuka daga waje yake zuwa, kuma mai ba da kuɗi yana da ra'ayi a kan abin da za a nuna. An kafa hukumar silima ta ƙasa a 2008. A 2024 an sauya wa cibiyar al'adu ta Yamai suna daga Jean Rouch zuwa Mustafa Alasan. Sauya allo a bakin ƙofa abu ne mai sauƙi. Girmama Mustafa Alasan na gaskiya shi ne a ba magadansa kayan aiki da albashi.

Za a ce mai jin yunwa hatsi yake so. Gaskiya ne, amma kuɗin mota ɗaya daga cikin manyan motocin da ke kai da komo tsakanin Diffa da Sayam ya isa ya sayi kyamarori da na'urorin ɗaukar murya ya biya 'yan samari albashi na wani lokaci. Za a ce tsaro. Wannan hujja ce mai nauyi, domin fuskar da ta fito a talabijin na iya jawo wa mai ita mutuwa. Maganinta sananne ne: a ɗauka a adana, a sa wa'adin shekarun da ba za a nuna ba, a ɓoye fuska da suna inda ya wajaba, ko kuma a bi hanyar Woodhead ta 1970, a karɓi shaida a ba 'yan wasan kwaikwayo. Ƙasar da ta haifi irin su Yazi Dogo ba za ta rasa masu yin wannan ba. Za a ce mutunci, musamman na mata. Nan ma akwai misali a gida. Da Rouch ya koma Ayoru ya nuna wa masuntan Sarkawa fim ɗin farautar dorina da ya ɗauke su, sai suka ce ya cire kiɗan da ya sa, domin dorina na ji a cikin ruwa, da an yi kiɗa da ta gudu. Ya kuwa cire. Wanda aka ɗauka shi ya kamata ya fara gani, ya gyara, ya yarda ko ya ƙi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Akwai kuma hujjar da ba a faɗa a fili, wato tsoron abin da mutane za su ce idan aka ba su dama, domin ba 'yan ta'adda kaɗai suke kuka da su ba. Suna da ƙorafi a kan dokokin da suka karya musu jari da kuma yadda aka kwashe su daga tsibirai. Waɗanda suka ga Babban Taron Ƙasa na 1991 sun tuna yadda jama'a suka manne da rediyo wata uku suna jin abin da a da ba a iya faɗa. Ƙasa ba ta rushe ba saboda an faɗa. Gwamnati kowace iri ce, ta farar hula ko ta soja, idan ta ƙi jin kukan talaka a gabanta, wasu za su je su ji shi a bayanta, su yi amfani da shi.

Abin yi

Ya kamata ma'aikatar al'adu da hukumar silima su rubuta wa masu riƙe da fim ɗin 1988 da sauran irinsa su nemi kwafi da izinin nunawa, a ajiye ɗaya a Yamai ɗaya a jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, shekarar da aka buɗe Sayam. A kai shi rugage da sansani a nuna a fili da dare, a ji abin da tsofaffi za su ce. Tashar rediyo da talabijin ta jiha ta ware mutum uku ko huɗu waɗanda ba ruwansu da bin gwamna wurin yanke ƙyalle, aikinsu kawai ɗaukar shaida da Barbarci da Fulatanci da Hausa da Budumanci da Tubanci da Larabcin yankin, kuma a bar su a wurin shekaru, kada a riƙa yi musu canjin wurin aiki. A zaɓi samari da 'yan mata daga cikin sansanin a koya musu, domin tsohuwa ta fi sakin baki ga jikarta. Hukumomin tsaro su fitar da ƙa'idar ɗaukar hoto a rubuce, kowa ya san iyakarsa, a daina barin abin ga ra'ayin wanda ke bakin shinge.

Su kuwa 'yan kasuwa, kada su jira gwamnati. Kuɗin talla ne ya gina Granada. Dillalan tattasai da na kifi da na dabbobi, da masu motocin Diffa zuwa Damagaram da Kano, sun san yadda ake tara gudummawa idan ta gina masallaci ce ko ta taimakon ɗan'uwan da gobara ta cinye. Labarin karyewar jarinsu da yadda suka sake tashi yana cikin abin da za a adana, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bature ya taso daga Mancesta ya zauna a bakin rijiya ya saurari makiyayi, shi ya sa har yau ake iya ganin ranin da aka yi shekara fiye da 35 da wucewa. Daga garin Diffa zuwa Sayam tafiyar 'yan awoyi ce, masu shaidar kuma suna nan da ransu, amma kowace damina sai an rasa wasu. Idan aka yi sakaci, nan gaba 'ya'yan ƙasar nan za su nemi biza su je Turai su roƙi a nuna musu tarihin iyayensu, abin da za su tarar kuwa layin karɓar abinci ne kawai. Allah ya ba magabata kunnen ji, ya mai da kowa gidansa lafiya.